Mai Kiwon Fata

A cikin adaidaita sahu suka haɗu, daga tashar Gaya zuwa Toranke. Bara'atu za ta gaida goggonta, tana duba wani hoto a waya. Muzammil, manomin albasa, ya leƙa.

"Taurari ne waɗannan?"

"Ƙwayar fatar mutum ce," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "A jami'a nake rainonsu a kan wani abu mai taushi kamar kwantaccen kunu, da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli a ciki. In ƙwayar ta kama wuri ta ja, ɗigon sai ya gusa. Da haka nake auna ƙarfin riƙonta. Wannan riƙon ne yake haɗe bakin ciwo."

"To ni ma a auna ni, Farfesa. Tun daga tasha idona ya kama wuri ya ƙi saki."

Ta harare shi, amma ta ba shi lambarta.

Soyayya ta yi nisa, har ranar wani suna a gidansu Muzammil a Toranke. Bara'atu ta je. Aka ce ta kwana, ta ce, "Dole in koma yau, ban ba su abinci ba."

"Su wa?" in ji Zuhra, 'yar baffansa da aka daɗe ana yi masa sha'awar aurenta.

Bara'atu ta yi bayani da zuciya ɗaya. Kafin kasuwa ta zagayo, gari ya ɗauka: budurwar Muzammil tana kiwon naman mutane a firij. Mayya ce.

Mahaifiyarsa, Inna Hure, ta ce ko yarinyar ta bar aikin, ko shi ya bar ta.

Saƙonsa ya shigo: "Farfesata, ki ajiye aikin nan har surutu ya lafa. Don Allah, don ni."

Ta mayar: "Manomina, in na ajiye, na amsa sunan ke nan. Ina son ka, amma ba zan shiga gidanku da sunan maita ba."

Damina ta ƙare bai kira ba. Ba ta fasa zuwa wurin goggonta ba, kuma ta tsakiyar gari take bi, kai a sama, mata suna janye 'ya'yansu daga hanya. Kukanta sai a ɗakin bincike, inda hawaye kan hana ta ganin ɗigon da take aunawa.

Da kaka sai ga shi har jami'a, ya rame, tare da yayan mahaifinsa, Baffa Gwadabe. Tsohon ya kafa ido a na'urar da take duba ƙwayoyin da ita, ya daɗe.

"Wannan 'yar mitsitsiyar ce maitar?" Ya yi tsaki. "A sa rana."

"Kin yafe min?" Muzammil ya tambaya a hankali.

"Zan aure ka. Yafiya kuma sai ka jira."

Aka ɗaura aure a Gaya. Matan Toranke kaɗan ne suka taɓa abincin biki. Da aka kai amarya gaida Inna Hure, tsohuwar ta jawo jikanta bayanta, ta kau da fuska.

"Allah ya yi albarka. Allah ya ba da zaman lafiya."

Bara'atu ta yaye mayafinta, ta dube ta ido cikin ido.

"Amin, Inna. Ranar Litinin zan koma aiki. Ki sa min albarka a nan ma."