Ƙuda a Ƙwayar Ido

Rana ta faɗi, amma zafi ya ƙi bin ta. Desmond da matarsa Noelene sun baro duwatsun Watarrka, suna sauri su kai masaukinsu a Yulara su faɗa ruwan sanyi.

Sai ga mutum tsaye a bakin hanya, ba mota, ba jaka, ba ko gorar ruwa. A wannan hamada kuwa ba a wuce mutum. Desmond ya taka birki.

"Tsoho, anya kuwa?" Noelene ta ce wa mijinta.

"Ke dai matsoraciya ce. Mu bar shi ya bushe kamar ƙirgi?"

Ya sauke gilashi, ƙudaje suka auko, yana ta kora. "Aboki, ina motarka?"

"Na baro ta," in ji mutumin, murya kamar ana jan buhu a kan yashi. "Ta lalace. An ce kada in baro ta, ƙishirwa za ta kashe ni. Ku tafi da ni."

Tausayi ya kama Noelene, ta miƙa hannu baya tana laluben ƙofa.

A nan Desmond ya lura. Rigar mutumin ba ɗigon gumi. Hannayensa a sake, ba ya korar komai. Wani ƙuda ya tako daga kuncinsa ya hau ƙwayar idonsa, ya zauna yana murza ƙafafu. Mutumin bai ƙifta ba.

Desmond ya yi wuf ya ɗaga gilashi. "Noelene," ya ce da raɗa, "kar ki buɗe."

"Ai ban ma taɓa ta ba."

A bayansu kujera ta nitse a hankali, kamar wani ya zauna a kanta.