Bishiyar Malam Ilu a Akwatin Shekara

Fitilun cikin akwatin gilashin suka dushe a hankali, wani farin hazo ya sauko daga rufinsa, bangon ya yi raɓa. Kafin Dokta Hansatu ta shanye shayin da ke hannunta, fitilun sun sake buɗewa. A wajen dashen maɗacin da ke ciki, an kwana an tashi ke nan. Tana kallo wani toho ya tsage, ya miƙe, ya zama ganye.

Wannan na'ura ita ake kira Akwatin Shekara, kuma Hansatu ce ta ƙera ta a cibiyar raya tsirrai ta Sabuwar Kufena. Tun da zafi ya tilasta aka rufe birnin da rumfar gilashi, tsofaffin itatuwa suka mutu, hukuma take neman hanyar samun inuwa ba tare da jiran shekara da shekaru ba. Akwatin yana juya haske da duhu, zafi da sanyi, yana kuma ɗura wa saiwa wani sinadari da ke gaggauta agogon da Allah Ya sa a jikin kowane tsiro. Abin da itace zai yi a shekara, a ciki mako guda yake yinsa.

Mahaifinta, Malam Ilu, tsohon injiniyan sanyaya birni ne da ya yi ritaya. Tun rasuwar matarsa ba shi da abin da ya shige masa rai kamar wata 'yar bishiya da ke cikin kasko a barandarsa. Meful ake ce mata, itacen ƙasashen sanyi, mai ganye kamar tafin hannun jariri. Da ɗan reshenta ya dawo daga wani kwas da ya je a ƙasar waje, inda ya koyi bonsai, wato renon bishiya a ƙaramin kasko har ta yi kamannin tsohuwar bishiyar daji alhali tsayinta bai kai kamu biyu ba. Da yake meful ba ta rayuwa sai ta yi barcin hunturu, da hannunsa ya haɗa mata ɗan firji mai taga, yana sa ta ciki wata uku duk shekara.

Hansatu ta tashi tana ganinsa da almakashi da matsefata. Idan sabon toho ya fito, sai ya tsame na tsakiya don kada reshe ya zarce. Idan reshe ya yi tsawo, ya rage shi ya bar ido biyu, wato gurbin toho biyu. Ba ya yanka babban reshe lokacin da ruwa ke hawa jikin itacen, yana cewa kuka za ta yi ta yi har ta rame. Yakan naɗa wa rassan wayar jan ƙarfe, ya lanƙwasa su kaɗan, ya yi ta dubawa don kada wayar ta ci ɓawo. Duk da wannan hidima, bishiyar yarinya ce har yanzu. Gindinta bai fi babban yatsa kauri ba.

Sai likitoci suka ce jijiyar idonsa tana mutuwa. Injinansu suna iya sauya ƙwayar ido, amma wannan ciwon ya gagare su. Ba zai kai baɗi yana gani ba.

Ranar da ya zo cibiyar, ya daɗe tsaye gaban akwatin, hancinsa kusan manne da gilashi. Da yake Hansatu sunan mahaifiyarsa ta ci, bai taɓa kiran sunanta ba.

"Uwata," ya ce, "tawa za ta shiga nan?"

"Baba, ba mu gama gwaji ba. Waɗanda muka fitar ba su daɗe a waje ba, ban san yadda za su kasance nan gaba ba."

"Ni kuma likita bai ba ni lokacin jiran gwaji ba. Shekara talatin take nema kafin ta zama abin da nake gani a raina. Ban ce ki ƙara min kwana ba, wannan na Allah ne. Ki bar ni in gan ta kawai."

Hansatu ta dubi idanunsa da suka fara neman fuskarta a inda ba ta. Ta san amsar da ilminta ya ce ta bayar. Amma wannan mutumin ne ya goya ta a kafaɗa ya kai ta makaranta, bai kuma taɓa roƙonta komai ba sai yau. Washegari da kanta ta ɗauko kaskon.

Matsala ta farko ba ta ɓata lokaci ba. Hannun ɗan Adam ba ya iya bin saurin akwatin. Kafin Malam Ilu ya zura hannu ta kafar safar roba ya tsame toho ɗaya, goma sun zarce. Wayar da ya naɗa da safe, kafin azahar ta nutse cikin ɓawo ta bar tabo. Dole Hansatu ta haɗa wasu siraran hannuwan ƙarfe guda biyu, ta zaunar da shi ya faɗi duk ƙa'idojinsa, ta ɗora su a ƙwaƙwalwar na'urar. Daga nan hannuwan suka karɓi aikin. Suna tsamewa, suna ragewa, suna naɗa waya suna warwarewa, lokaci lokaci su ɗaga bishiyar su aske saiwa su sauya ƙasa. Ba sa kuskure, ba sa gajiya.

Shi kuwa aka ajiye masa kujera. Nan yake wuni, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa kamar suna riƙe da almakashi.

Amma fa abin ya yi kyau. Duk mako bishiyar tana yin kore, ta yi ja, ta kaɗe, ta yi ɗan barci, ta farka. Gindi ya kumbura, saiwoyi suka baje a kan ƙasa kamar yatsun ƙafar tsoho, ɓawo ya yi toka-toka, rassa suka rarrabu har suka yi siriri kamar gashi. Ma'aikata suna barin aikinsu su zo kallo. Shugabannin birni ma suka zo, suka ga maɗatai masu kauri da aka raina cikin 'yan watanni, suka ba da umarnin a ƙera akwatuna da yawa a cika tituna da su. Hansatu ta ce a dakata tukuna. Aka yaba wa tawali'unta, aka ci gaba.

A mako na talatin ganin Malam Ilu bai fi na mai leƙe ta ramin allura ba. Da bishiyar ta yi ja, Hansatu ta tsayar da injin, ta buɗe gilashin, ta matso masa da ita gaban fuskarsa. Ya riƙa juya kai a hankali, yana bin ta reshe bayan reshe.

"Tubarkalla," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Kamar garwashi. Haka na gan ta a raina, wallahi haka. Allah Ya yi miki albarka, Uwata."

Ranar Hansatu ta koma gida tana jin babu wanda ya kai ta sa'a a duniya.

Ba da daɗewa ba hasken idonsa ya ɗauke gaba ɗaya. Ya karɓi abin da haƙuri, ya ce ai yatsu ma suna gani, zai ci gaba da renonta da lalube. Aka mayar da kaskon baranda.

Sai dai bishiyar ba ta san an fitar da ita ba. Ba fitilu, ba hazo, ba sinadari, amma cikin mako guda ta yi toho, ta yi ja, ta kaɗe. Mako na biye ma haka. Agogon da aka gaggauta ya ƙi komawa daidai. A cikin akwati ana ɗura mata abinci gwargwadon gudunta, a waje kuwa hasken rana ɗaya take samu tana kashe ƙarfin kwana hamsin. Kowane sabon ganye ya fi na baya ƙanƙanta. Hansatu ta sa ta a tsohon firjin don ta yi barci, ta tarar ta yi toho a cikin sanyi. Ta mayar da ita akwatin, ta ga tsufa kawai yake ƙara mata, ta dawo da ita baranda. Ta haɗa magunguna iri-iri don karya sinadarin, ta daina cin abincin kirki, ta daina amsa waya. Rassan ƙasa suka fara bushewa, sannan na tsakiya.

Ta kai rahoto gaban shugabanni, aka rufe akwatunan. Amma an riga an dasa maɗatai a kowane titi, yara har sun saba da wasa a inuwarsu.

Mahaifinta kaɗai ta kasa faɗa wa. Kullum ya tambaya sai ta ce bishiyar tana hutawa, kada a taɓa ta tukuna. Shi kuma sai ya ce to.

Wata safiya ta zo gaishe shi ta same shi a baranda, ya lalubo kaskon ya ɗora a cinya.

"Miƙo min almakashi," ya ce.

"Baba, da ka bari..."

"Miƙo min, Uwata."

Ta sa masa a hannu. Ya bi gindin da yatsu zuwa sama, ya kama wani siririn reshe zai auna ido biyu. Reshen ya karye ƙas tun bai matsa ba. Ya kama wani, shi ma haka. Ya ajiye almakashin, ya kankare ɓawon gindin da farce, ya kai hanci ya shinshina.

Hansatu ta durƙusa a gabansa. Kukan da ta yi makonni tana haɗiyewa ya ƙwace mata.

"Ka yafe min, Baba. Na san ban gama gwaji ba. Da na ƙi, da yanzu tana hannunka da ranta."

Ya laluba har ya samu kanta, ya dafa.

"Ni na roƙe ki. Kuma na gani, ba zan ce ban gani ba." Ya shafa kanta. "Abin da ban lissafa ba, shekarun nan talatin ba nawa ba ne. Naki ne. Ke ya kamata ki yi ta ragewa kina jin haushina, ki tsufa tare da ita, ki miƙa wa wani. Na zauna a kujera na cinye miki su da ido."

Ta ɗora goshinta a gwiwarsa, gefen kaskon yana taɓa kuncinta da sanyi.

Can sai ya karkata kai wajen titi.

"Ƙarar mene ne wannan? Tun ɗazu nake ji, kamar ruwan sama."

Hansatu ta miƙe ta leƙa ƙasa. Daga bakin gidan har iyakar ganinta, maɗatan titi suna zubar da ganye gaba ɗaya, ba iska, ba dalilin da mai wucewa zai gane. Injinan shara sun jeru suna kwashewa, wani ganyen yana zuba a bayansu. Mutane sun fito ƙofofin gidajensu sun ɗaga kai suna kallon rassa, rana kuma ta fara sauka a kan fuskokinsu.