Tsirkiya Huɗu a Tukunya

Tahira ta tsaya cak a ƙofar shagon Gado, hannunta dafe da ƙirji.

Hayar kayan sauti ta zo yi don bikin ƙanwarta, ba wani abu ba. Sai ga ta can rataye a bango, tsakanin wani tsohon bafil, wato akwatin lasifika, da tarin wayoyi: gitar bas ja, gefenta ya koɗe inda hannu ke gogawa, da maɗaurin saƙi fari da baƙi wanda ita da kanta ta ɗinka.

"Kawu Gado... wa yak kawo wagga gitar?"

Gado dattijo ne, duk wani makaɗi a Sabon Gari ta hannunsa ya bi. Ya ɗago daga ampili, na'urar ƙara sauti da yake gyara, ya dube ta da tausayi.

"Kin san mai ita, ɗiyata. Mi kike so in ce?"

"Saida ta za shi yi?"

"Ya bar kiɗa. Ran Lahadi za shi Arlit, can arewa, an samo mishi tuƙin babbar mota. Ya ce ba shi da sauran abin jira a Maraɗi."

Ta lallaɓa ta zauna a kan bafil, hawaye suka zo ba sallama.

Zakariya'u!

Shekaru ta yi ba ta furta sunan nan a fili ba, amma ba ranar da bai kwana a ranta ba.

A wannan shagon suka zaɓi gitar, lokacin tana ɗalibar ungozoma, shi kuma yana kaɗa bas a orkes, ƙungiyar makaɗan unguwa, da gitar aro mai karkataccen wuya. Ranar da kaya suka iso wa Gado daga Kano, Zakariya'u ya zo ya ɗauke ta a babur, yana rawar jiki sai ka ce za shi zaɓen amarya.

Guda biyu ne. Ɗaya baƙa mai ƙyalli, tsirkiya biyar, ɗaya kuma wannan ja, wadda da gani ta sha hannu.

"Baƙar mana!" ta ce. "Dubi yadda take walƙiya!"

Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Tahirata, ke da za ki zaɓi miji da ƙyalli, da ban samu shiga ba."

"Wa yac ce maka ka samu?"

Ya ɗaga baƙar, ya kanne ido ɗaya ya leƙa tsawon wuyanta, ya girgiza kai. Ya rataya mata ita a kafaɗa, nan take ta karkace don nauyi.

"To, haka zan tsaya da ita tun azahar har magariba? In tsirkiya ta biyar ta tsinke kuma, duk Maraɗi ina zan samo ta?"

Sai ya ɗauko jar. Bai ko haɗa ta da ampili ba.

"Sa kunnenki ga itacen."

Ta sa. Ya taɓa tsirkiya mafi kauri sau ɗaya, ta ji wani gurnani mai taushi ya ratsa kanta ya sauka har cikinta, ya daɗe bai mutu ba.

"Kin ji? Mutane ba su jin bas da kunne, rabin raina. Ƙafarsu ka fara ji, su tashi rawa, su yaba ma mai waƙa."

Ranar ta san ta gama yawo. Da Tahira aka zaɓi ƙaramin ampilin da zai hau bayan kabu-kabu, babur ɗin haya, wanda ba ya fushi in an koma kan janareta. Ta san bikin da aka yi a Tibiri wuta ta ɗauke suka ƙarasa da tafi, ta san wanda ruwan sama ya kore su ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe gitar, shi ya jiƙe. Kwanaki ne masu daɗi, kuma kamar kowa, ba ta san suna ƙarewa ba.

Abin da ya raba su, in an faɗa wa baƙo sai ya yi dariya.

Tsirkiyar bas tana shan gumi da maiƙon hannu har muryarta ta dushe. Sabuwa kuwa sai an yi saƙo Yamai ko Kano, a yi ta jira. Don haka masu kaɗa bas suna da dabararsu: a kwance tsirkiyoyin, a naɗe, a tafasa su a ruwa, dauɗar ta fita, a shanya. Zakariya'u ɗakin gwauro gare shi, ko murhu babu, ita ke tafasa masa.

Ranar da manyansa za su je Jiratawa neman aurenta wajen mahaifinta, Malam Lawali, yana da wasa washegari. Ta taho da tsirkiyoyin gida, ta ɗora su a ƙaramar tukunya da hantsi, tana 'yar waƙarta.

Mansura ce ta leƙo madafa.

Mansura 'yar baffanta ce, tare suka tashi, kuma tun ranar da ta ga Zakariya'u a wani biki take zuwa duk inda orkes ɗin zai yi wasa, da sabon ɗinki. Ta buɗe tukunyar, ta ga ƙarafa huɗu a nannaɗe cikin ruwa mai launin toka. Ta san ko menene, don Tahira ta taɓa nuna mata. Amma ta mayar da murfi, ta wuce ɗakin Baba sumul.

"Baba, ka zo ka ga abin da makaɗin nan yab ba ta ta dahwa. Ruwan za a zuba maka cikin hura, bakinka shi ɗauru, ka ce ka ba shi."

Dama dangi ba su so. Makaɗi? Mai yawon gidajen biki? Malam Lawali ne kaɗai ya ce a bari su zo a ji. To shi ne ya fito zaure da tukunya a hannu, baƙi na zaune a tabarma, ya juye ta a gabansu.

"Ga kayanku! Ku hwaɗa ma ɗanku ni ba a ci na da asiri!"

"Baba, tsirkiya ce! Wallahi tsirkiya ce!"

"Rufe mini baki!"

Kawun Zakariya'u ya sunkuya ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya sa aljihu, suka tashi ba ko sallama. Kafin mako ya zagayo, duk Sabon Gari an ji cewa mai bas boka ne. Akwai gidajen da suka daina kiran orkes ɗin.

Zakariya'u bai sake kiranta ba. Ita ma kunya ta hana ta.

Ta gama karatu, ta kama aiki, manema suka yi ta zuwa tana sallamarsu da murmushi. Mansura ta bi shi ta gaji, ta auri wani mai sayar da atamfa. Wani lokaci Tahira na dawowa daga aiki da la'asar sai ta ji gurnanin nan daga bayan wata katanga, ta ce wa mai kabu-kabu ya rage gudu.

Yanzu ga shi za shi tafi ɗungurungum.

Ta share fuska, ta miƙe.

"Kawu, ara mini ita zuwa gobe."

"Ke Tahira, amana ce..."

"Ni ma amanar ce, Kawu. Don Allah."

Gado ya dube ta. Sannan ya sauko da gitar, ya sa ta a jakarta.

A gona ta sami Baba, bakin magudanar ruwa, yana duba zogalensa. Ya tsufa, gemun ya yi fari tas. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ajiye jakar, ta fito da gitar, ta jawo tukunyar shayinsa da 'yan kirare, ta ƙyasta ashana.

"Baba, yau a gabanka zan dahwa tsirkiyar ga. Ka gani da idonka. In asiri ne, ni zan sha ruwan!"

Ya dubi gitar, ya dube ta.

"Kashe wutar, ɗiyata."

"Ba ni kashewa!"

"Na ce ki kashe. Na sani."

Ashanar ta faɗi daga hannunta.

"Ka san mi?"

Ya zauna a kan kunya, ya cire hula ya riƙe. Gonarsa iyaka ɗaya take da ta Anuhu, wani Kirista mutumin Tibiri, abokin nomansa tun suna samari.

"Damina biyu bayan abin, na tahi Tibiri duba Anuhu ba shi da lahiya. Na iske ɗanshi Luka tsugune shina dahwa irin ƙarahan nan. Na tambaya, yac ce na gitar majami'arsu ce, dauɗa yaka hiddawa. Har ya nuna mini ruwan."

Tahira ta ji kamar ƙasa ta juya da ita.

"Tun sannan? Baba... tun sannan ka sani?"

Ta matso gabansa.

"Kana gani ina korar mutane! Kana gani ina ramewa! Ka bar shi da sunan boka a gari!"

"A gaban mutane na yi magana, Tahira. Da wane baki zan koma in ce yarinya ta ruɗe ni? Kullum sai in ce gobe. Na zaci za ki manta..."

"Ban manta ba!" Kuka ya ƙwace mata. "Lahadi za shi bar garin, Baba. Ya kai gitar a saida."

Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, kuma ba ta taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba. Ruwa na ta gudu a magudana, su biyu suna zaune.

Can ya mayar da hularsa, ya miƙa hannu.

"Ba ni abin nan."

Mutanen Sabon Gari sun ga abin kallo da yammacin nan: Malam Lawali na Jiratawa, da babbar rigarsa, a bayan kabu-kabu, gitar bas rataye a bayansa, wuyanta ya zarce kansa. Masu shaguna suka fito. Gado ya aika aka kira Zakariya'u.

Da ya iso, Tahira ta zuba masa ido. Ya ƙara duhu, ya rame, amma tafiyar nan tasa ce, kafaɗar hagu a ɗan sauke. Ya gan ta, ya kau da kai da sauri. Ya durƙusa ya gai da Baba a sanyaye.

Baba bai shiga shagon ba. A bakin titi ya tsaya, ya ɗaga murya yadda mai shayi da masu faci za su ji.

"Jama'a, ku shaida! Ni Lawali na ce yaron ga mai asiri ne. Ƙarya aka hwaɗa mini, ni kuma na ɗauka na yaɗa. Ba shi da laihi ko ɗaya. A gaban mutane na ɓata shi, a gaban mutane nika roƙon shi gahwara!"



Zakariya'u na durƙushe, kansa a ƙasa. Bai ɗago ba ya yi magana.

"Baba, uwata ta rasu ana ce ma ɗanta boka."

Tahira ta rufe baki da mayafi. Ba ta sani ba.

"Allah shi jiƙanta," in ji Baba, hawaye na bin gemunsa. "Wannan ba ni iya gyara shi, ɗana. Wanda nika iyawa shi na zo yi."

Ya sauke gitar daga kafaɗarsa, ya miƙa masa da hannu biyu.

Zakariya'u bai karɓa ba. Ya ɗago, karon farko ya dube ta sosai.

"Ke hwa? Mi kinka zo yi?"

"Na zo in hana ka tahiya."

"Shekara nawa, Tahira? Ko sau ɗaya ba ki neme ni ba."

"Kunya nika ji... A gidanmu aka yi maka. Kai ma ba ka neme ni ba, masoyina."

Kalmar ta fita ba ta shirya ba, a gaban mahaifinta, a gaban Gado, a gaban mai shayi. Ta ji kamar ta nutse. Gado ya yi tari, ya hau gyaran wayar da ba ta lalace ba.

Zakariya'u ya runtse ido. Sannan a hankali ya miƙa hannu ya karɓi gitar.

"Na yahe, Baba."

Motar Arlit ta tashi ran Lahadi da wani direban.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Mansura ta aiko cewa ba ta jin daɗi, ba wanda ya tambayi me ke damunta. Da la'asar aka yi walima a Jiratawa, orkes ɗinsu ya zo gaba ɗaya, Luka ɗan Anuhu ya karɓi bas tunda ango ba ya kiɗa a bikinsa.

Tahira na zaune kusa da shi cikin lulluɓi, tana satar kallonsa. Ango dai jikinsa na nan, hankalinsa na wajen makaɗa. Yatsunsa sai motsi suke a kan gwiwa.

"Gaggawa yake," ya raɗa mata. "Ya wuce mai ganga. Bari in je in..."

Ta kama bakin babbar rigarsa ta riƙe gam.

"Zamna."

"Waƙa ɗaya tak, Tahirata..."

"Na jira ka da yawa, Zakariya'u. Yau ko taku ɗaya ba ka yi."

Ya dube ta, ya dubi hannunta a kan rigarsa. Yatsun suka daina motsi, ya gyara zama.