Masu Dakon Ƙanƙara

Bayan la'asar Sakina, jikar yayata, ta kira ni daga birnin Skardu. Apo take ce mini, wato kaka. Aikinta duba hotunan tauraron ɗan'adam, tana auna ƙanƙarar duwatsu da ruwan da ke fita daga cikinta.

"Apo, na ga baƙin tabo a saman ƙauyenku, wajen kogo. Ina tsoron tafki ne ke taruwa, zai iya ɓallewa ya sauko kanku. Yanzu gajimare ya rufe mini wurin. Wa zai hau ya duba?"

"Wa ya rage da zai iya hawa? Ni da akuyar maƙwabcina Rozi Ali."

"To, bar akuyar a gida."

Na ɗauki sanda na kama hanya ni kaɗai.

A wannan kogon kakanninmu suka aurar da ƙanƙara. Sun ɗauko macen ƙanƙara daga wani dutse a cikin kwanduna, suka haɗa ta da namiji, suka lulluɓe da gawayi da ƙaiƙayi don su haifa mana ruwa. Masu dakonta ba sa magana, ba a kuma yi musu.

Rana ta faɗa bayan dutse. Iska ta tsaya.

Na ji warin jiƙaƙƙen gawayi. Sannan kukan kwanduna.

Maza ne a jere, goye da kwanduna, cikin rigunan ulu irin na dā. Saukowa suke yi. Ban taɓa jin an sauko da ƙanƙara ba. Babu ƙarar sawu, sai ɗigar ruwa. Duk sanyin nan, babu tururin numfashi a bakin kowa.

Na manne da dutse, na kame bakina.

Wayata ta yi ƙara. Garin kashewa na amsa.

"Apo, ka isa?"

Duk suka tsaya.

Na ƙarshensu ya juyo. Kwandonsa ya gogi kafaɗata. Girarsa fara fat da ƙanƙara.

"Wa ya yi wa amarya magana?" ya raɗa.

"Yarinya ce, baba. Ba ta sani ba."

Ya daɗe yana kallona.

"Mijin ya narke. Gida za mu mayar da ita. Kai ma kwashe mutanenka."

Can sama wani abu ya tsage.

Na yar da sandar, na ruga ƙauye.

Kafin isha'i mun kwashe kowa daga bakin rafi. Washegari ruwan ya sauko, ya tafi da gonaki da gada da gidana. Ba a rasa rai ba.

Yanzu ina zaune wajen Sakina. Likita ya ce kafaɗata lafiya lau. Amma idan dusar ƙanƙara ta sauka a jikina, ko'ina tana narkewa, ban da inda kwandon ya goga.