Lambar Yabon Sabo

"Ba inda zan je, Hamsatu. Ki faɗa wa sufurefe, hakimin gwamnati, ya riƙe ƙarfensa."

Ya Kaka ko kallona ba ta yi ba. Tun rasuwar ɗanta Sabo, wata biyar ke nan, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Sabo soja ne, shi ne da zan aura bayan kaka. A yunwar 1974 shi ke tuƙa babbar motar dawar agaji daga Magarya zuwa Waca. Ranar da birki ya tsinke a gangare, mata sun fi ɗari a layi suna jiran rabo. Abokan aikinsa suka dire. Shi ya zauna, ya karkata motar ya haɗa ta da kuka. Gobe gwamnati za ta ba shi lambar yabo ta hannun mahaifiyarsa.

"Inna, ki yi haƙuri, sunansa za a kira..."

"Ke ki je mana. Ai ke ya hango a layin. Da ba kya wurin, da ya dire kamar sauran."

Na durƙusa gabanta.

"Inna, ba na wurin."

Ta ɗago kai.

"Mun yi faɗa kwana biyu kafin nan. Na ce ya bar aikin soja ko ya bar ni. Ya aiko in zo Waca mu gana, ya ce, 'A gaya wa hasken idona ina jiranta.' Na ƙi zuwa... Na bar mutane suna cewa don ni ya mutu, saboda kunya ta hana ni faɗin gaskiya."

"To wa ya sani a layin?"

"Ba kowa, Inna. Matan rugage ne da na ƙauyuka."

Sai hawaye ya ɓalle mata.

"Ashe halinsa ne kawai... Tun yana yaro haka yake."

Ta jawo ni jikinta, muka yi kukan da kowaccenmu ta daɗe tana yi ita kaɗai.

Washegari a Magarya, da aka kira sunansa, ta damƙe hannuna.

"Tashi mu je tare, 'yata. Ni kaɗai ba zan iya ba."