Hantar Talibambam

"Wa ya ci wannan kifin?"

Muryar Haulat ba ta fita sosai ba, takunkumin fuskarta ya danne ta. Tsaye take kan yashi a wata gaɓa da ke kudu da garin Al Wakrah a ƙasar Qatar, hazon safiya ya rufe teku ruf, ba a ganin ruwa sai dai a ji shi yana ja da baya. Gefen murhun gawayi an yar da wata fata mai ɗigo-ɗigo. Ga kan kifin kusa da ita, haƙora huɗu kamar na zomo, ido ɗaya yana kallon sama.

Kyanwoyi uku sun jeru can nesa. Kyanwoyin da ko ƙaya ba sa bari ta taɓa ƙasa, yau babu wadda ta matso.

"Na ce wa ya ci?!"

Gado, saurayinta, ya taso yana murmushi. Mai gadi ne a wani dogon bene a West Bay, Juma'a kaɗai yake hutu, ita ma a bakin ruwa yake ƙarar da ita da fatsarsa.

"Sanyin idona, talibambam ne fa. A Yawuri kakata ke feɗe mana shi tun ina yaro."

"Wancan na kogi ne, Gado! Wannan na teku ne..."

Ita ta sani. Halittun ruwa take karanta a jami'a.

Ta juya ga yayanta Zulkiflu, injiniya a aikin filayen ƙwallo, wanda tun rasuwar mahaifinsu aurenta ke hannunsa. Shekararsa arba'in da bakwai, ga tumbi ga ra'ayi. Takunkumi biyu ne a fuskarsa, ya shekara bai yi musabaha da kowa ba saboda korona. Shi ya ce mata ƙarfe goma za a haɗu, ya sulale ya zo ƙarfe takwas don ya sallami Gado a bayan idonta, tunda ya riga ya yi wa abokinsa Zainulabideen alkawarinta.

"Yaya, ka ci?"

"Ni? Allah ya kiyaye."

A gidan su Gado hantar kifi ta babban baƙo ce. Kafin Haulat ta iso ya gasa ta da kyau, ya barbaɗa yaji, ya durƙusa ya miƙa wa Zulkiflu. Shi kuwa ya ture farantin da bayan hannu, ya ce bai zo cin abincin ɗan masunta ba, ya zo ne ya ce a fita harkar ƙanwarsa. Don kada wulaƙancin ya zauna a faranti kowa yana kallo, Gado ya yi bismillah ya cinye.

Ta juya ga Gado. "Hantar ka ci?" Muryarta ta koma raɗa.

"Ba komai, kawai dai leɓena... kamar ba nawa ba."

Ta kira motar asibiti. Suka ce ga su nan, amma ga hazo, ga hanyar yashi.

Gado ya zauna. Can ya kishingiɗa, kamar wanda ya tuna yana jin barci. Ya buɗe baki zai kira sunanta, harshe ya ƙi. Yatsunsa suka ɗan motsa a yashi, suka tsaya.

Idanunsa a buɗe.

Ruwa ya janye nesa, ko motsinsa ba a ji. Kyanwoyin suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka shige hazo.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Zulkiflu. Ya miƙa hannu zai rufe masa ido.

Haulat ta buge hannun.

"Bai mutu ba! Yana jin mu, Yaya, yana ganin mu! Haka dafin yake, ya ɗaure jiki ya bar hankali. Ƙirjinsa ne ya tsaya. In ba a hura masa iska ba..."

Ta fizge takunkuminta ta sunkuya.

"Ke! Ba muharraminki ba ne!"

Ta ɗago, hawaye har haɓa.

"To kai ne, Yaya. Yanzu!"

Zulkiflu ya dubi bakin, mai maiƙon kifi da yaji. Ya dubi farantin. Sai a lokacin ya faɗo masa cewa hantar nan tasa ce.

Ya cire takunkumi na farko. Ya cire na biyu. Ya goge bakin Gado da hannun rigarsa, ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Toshe masa hanci... ɗaga haɓarsa... hura!"

Ya hura. Ƙirjin ya taso, ya koma.

"Kuma!"

Tana ƙirge, yana hurawa. Idanun Gado na kafe a fuskarsa ba ƙiftawa, kusa da kusa, kamar wani ne ke leƙowa daga cikin ɗaki a kulle.

"Kai ɗan masunta, kada ka mutu a hannuna," in ji Zulkiflu yana haki.

"Yaya, hura!"

"Ka tashi, wallahi na ba ka ita!"

"Hura!"

"Khalas, shi ke nan, wallahi na ba ka!"

Wani hawaye ya gangaro daga idon da ba ya motsi, ya shige kunne.

Ba su san iya lokacin da suka ɗauka ba kafin jan hasken motar asibiti ya ɓullo cikin hazo.

Kwana uku Gado ya yi kan na'urar numfashi. Dokar korona ta hana ziyara, don haka a falon Zulkiflu da ke Mansura suka zauna, waya a tsakiya. Rana ta huɗu da hantsi wayar ta yi ƙara. Fuskar Gado ta bayyana a kanta, ta rame, muryar a dishe.

"Haulat..."

"Na'am, rabin raina... na'am!"

"Na ga hannun Yaya yana zuwa zai rufe min ido. Ina ta ihu a ciki, ba mai ji. Na ce shi ke nan, da raina za a saka ni a kabari."

Zulkiflu ya sunkuyar da kai.

"Yaya... na kuma ji abin da ka ce."

"Me ka ji? Mutum yana sume..."

"Ban suma ba. Sau uku ka rantse."

Zulkiflu ya yi gyaran murya, ya gyara hula. Ya dubi ƙanwarsa da ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Sau biyu ne," ya ce. "Kada ka yi min ƙari. In an sallame ka, ka ce wa manyanka su kira ni."