Jan Biron Malam

Auta na guga a falo lokacin da Baba ya shigo da ambulan a hannu, ko sallama bai yi ba. Shekara talatin ya yi yana koyarwa a firamare, kuma ko ajin da babu kowa sai ya yi sallama yake shiga. Umma ta rage sautin rediyo.

"Kira min Ofisa," ya ce. "Yanzu."

Ofisa shi ne saurayin Auta, gandiroba ne a gidan yari, saura wata biyu a ɗaura musu aure. Tsohon ɗalibin Baba ne, shi ya sa ba a sha wahalar ba shi ita ba.

Wasiƙar ta fito ne daga bakaniken da ya kashe Yaya, babban ɗan gidan, shekara huɗu da suka wuce. Gardama ce ta kaure a gareji kan wanda ya gogi mota, ya ɗauki sifana ya buga masa a ƙeya. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Yanzu kwamitin sassauci zai duba batunsa, kuma sai ya ji ta bakin iyayen mamaci.

Ofisa ya iso da kakinsa, ya cire takalmi ya durƙusa.

"Bakaniken nan ya iya rubutu?"

"A'a, Malam."

"Na sani. A kotu yatsa ya dangwala." Baba ya shimfiɗa takardar a tebur. "To wannan rubutun hannun wane ne? Kafin ka amsa, ka tuna ni na riƙe hannunka a aji biyu."

"Nawa ne, Malam."

Auta ta ji ƙaurin ƙuna. Dutsen gugar ya cinye gefen mayafinta.

"Duk Laraba ni nake rubuta wa waɗanda ba su iya ba," in ji Ofisa. "Diyutina ne."

"Babu wani gandiroba sai kai?"

"Akwai. Amma shi taƙaitawa yake yi, mutum ya yi magana minti goma ya rubuta layi uku. Wannan kuwa wataƙila ita ce ta ƙarshe."

"Shi ɗana wa ya rubuta masa ta ƙarshe?"



"Faɗa min gaskiya," in ji Baba. "Kana ganin bai cancanci a rataye shi ba?"

"Shi ya aikata, Malam, bai taɓa musu ba. Amma mutum uku na raka zuwa ɗakin rataya. Na biyun, bayan shekara guda aka kama wanda ya yi laifin. Na cike fom ɗin gyara a fayil ɗinsa, na rasa wanda zan kai wa."

"Wannan kuskuren alƙali ne. A nan babu kuskure. In mutum ya san zai kashe, a ba shi gado da abinci sau uku, me zai hana shi ɗaukar sifana?"

"Ranar da ya ɗauka, Malam, ba na jin ya tuna da kotu."

"Wato ɗana ya tafi a banza."

"Malam," in ji Umma a hankali, "ko an rataye shi ba zai—"

"Ke ma?"

Ta share ido da bakin zane.

"Hannun da ya roƙa wa makashin ɗana rai ba zai karɓi 'yata ba," in ji Baba. "Tashi."

Auta ta cim ma Ofisa a bakin get yana ɗaura igiyar takalmi.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Tsoro na ji."

"Mai gadin 'yan fashi guda, ni kake tsoro? Yayana ne fa. Shi yake goya ni zuwa makaranta." Ta kau da kai. "Ni kaina ban san abin da nake so a yi wa mutumin nan ba. Wata rana in ce a kashe shi, wata rana in tuna yana da uwa. Amma da ka bari na ji daga bakinka."

"Na yi laifi a nan. A rubutun ban yi ba."

"Na sani. Shi ya sa abin ya fi ciwo."

Ba ta ƙara yi wa Baba maganar ba, ba ta kuma daina kai masa shayinsa ba. Ƙawayenta sun ba ta shawarar ta yi yajin cin abinci, ta ce gidan ya ga isasshen kuka. Shi kuwa Ofisa duk Asabar sai ya zo bakin get ya yi sallama sau uku, ya tsaya kaɗan, ya juya. Baba na jin sa daga falo, yana buɗe shafin jarida.

A mako na bakwai Auta na share ɗakin Baba ta ga wasiƙar a ƙarƙashin tabarau. Ta yi laushi saboda yawan buɗewa. Ko'ina jan biro ne, irin na gyaran jarrabawa. A inda bakaniken ya ce, "Na riƙe kansa a cinyata har mota ta zo, yana ta cewa kada a gaya wa babansa a waya, zuciyarsa ba ta da ƙwari," Baba ya ja layi biyu. A gefe ya rubuta: Shi ya faɗa, ko kai ka ƙawata?

Ta mayar da ita yadda take. Da Asabar ta zo, ita ta buɗe get ɗin, ta dawo ta durƙusa.

"Baba, mai amsar tambayarka yana waje."

Ya daɗe yana kallonta ta saman tabarau. "Shigo da shi."

Da Ofisa ya durƙusa, Baba ya nuna masa tambayar da ke gefen wasiƙar. "Kalma ɗaya ban ƙara ba, Malam," in ji Ofisa. "Sau biyu na ajiye biro saboda kukan bakaniken."

Baba ya ciro ambulan biyu daga aljihu.

"Ra'ayina bai sauya ba. Wanda ya kashe ya cancanci kisa, gobe ma haka zan ce. Kuma ban yafe ba." Ya miƙa ta farko. "Wannan ta kwamiti ce. Na ce su bar shi da ransa, don ina da tambayoyi, matacce kuwa ba ya amsawa." Ya miƙa ta biyu, mai kauri. A ciki akwai littafin rubutu mai layi da fensir. "Ka koya masa rubutu. Wasiƙa ta gaba da hannunsa nake son ta, ba na son tafinta tsakanina da shi."

"Malam, zai ɗauki shekaru. Ko fensir bai iya riƙewa ba."

"Kai ma haka ka zo min." Ya ɗauki jaridarsa. "Ka ce wa manyanka ranar auren tana nan yadda aka sa."

Umma ta rufe fuska da mayafi. Auta ta tashi ta shige kicin, don kada a ga tata.

Har yau surukan nan biyu ba su daidaita kan hukuncin kisa ba, kuma duk Asabar sai sun taɓa. Abin da Auta ta koya shi ne, wanda aka kashe wa ɗa ba a kayar da shi da hujja, jiran sa ake yi. Da ta ɗaga wa mahaifinta murya ranar nan, da ta rasa ɗaya cikin mazan biyu. Haƙurin mako bakwai ya bar mata duka.

Bayan shekara biyu wasiƙa ta iso, layi huɗu, haruffan sun karkace. Baba ya karanta ta a tsaye, sannan ya laluba aljihu ya zaro jan bironsa.